Yadda Ake Fakewa a Jira Hadari da Iska Su Wuce a Doguwar Tafiyar Kwalekwale

Wannan bayani na wanda zai yi tafiyar kwana biyu ko fiye ne a ƙaramin jirgin katako mai inji, ko ɗan fatauci ne mai bin kasuwannin bakin ruwa, ko masunci mai ƙaura daga tunga zuwa tunga. Daga Kogin Neja da Tafkin Kainji aka ɗauko misalan, amma mai bin Binuwai ko Tafkin Chadi ko Tafkin Volta na Gana zai iske yawancinsu sun yi masa daidai.

Sau da yawa matuƙin da iska ta rutsa da shi a tsakiyar ruwa ya hangi hadarin tun yana nesa. Abin da ya hana shi tsayawa daban ne: guzuri ya ƙare, ko gobe kasuwa, ko fasinja sun matsa masa. Saboda haka tun daga gida ake shirya jira, yadda in an tsaya kwana ɗaya ko biyu ba wanda zai shiga halin da zai sa ya ce a tashi ko ta halin ƙaƙa.

KAYAN DA ZA KA TANADA

- Anka, wato ƙugiyar ƙarfe da ake jefawa ruwa ta riƙe jirgi, mai nauyin kilo 10 zuwa 15 ga jirgin da bai wuce mita 10 ba, da sarƙa mita 3 ko 4 tsakaninta da igiya. Sarƙar ce ke kwantar da anka ta cafki ƙasa. In babu, ka zura buhu cikin buhu ka cika da yashi ko tsakuwa kamar kilo 40. Sai dai buhu da dutse da nauyinsu kaɗai suke riƙewa, nauyin kuma raguwa yake yi a cikin ruwa.
- Igiyar nailan mai kaurin milimita 12, guda biyu: ɗaya gaba 30, ɗaya gaba 15.
- Turaku biyu na ƙarfe ko na icce mai ƙwari, kowanne kamar mita ɗaya, da guduma.
- Gora ko gwangwala biyu, da filafili biyu. Inji yakan ƙi tashi a lokacin da aka fi buƙatarsa.
- Bokiti ɗaya da yankakkiyar jarka ɗaya na kwarfar ruwa, kowanne ɗaure da siririyar igiya a jikin jirgi.
- Rigar ruwa ga kowane mutum, har da ta yara daidai jikinsu. Ka ƙara da jarkoki wofi masu murfi mai ƙarfi, a ɗaure su ƙarƙashin mazaunai.
- Tamfol biyu, ɗaya na kaya, ɗaya na mutane, da gidan sauro.
- Tocila da ƙarin batir, usur, ashana ko laita a cikin leda, waya da abin cajinta na tafi-da-gidanka.
- Fulogi biyu, sufanar fulogi, igiyar tayar da inji, ƙusar farfela in injinka mai amfani da ita ne, filaya da sukuddireba.
- Tsumma, kwalta, ƙananan ƙusoshi da fallen gwangwani na toshe yoyo. Tsohon tub na babur da tsohuwar taya ɗaya ko biyu.

Guzuri kuwa, in tafiyar kwana uku ce ka ɗauki na kwana biyar. Ka fi ba da ƙarfi ga abin da ba ya buƙatar wuta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, kilishi, busasshen kifi, sukari da gishiri. Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a rana. Fetur a kasa shi uku: kashi biyu na tafiya, kashi ɗaya ba a taɓa shi sai hanya ta canza. In injinka mai gaurayen mai ne na 50 da 1, kowace lita 20 ta fetur tana cin mililita 400 na baƙin mai. Ka gauraya tun a gida, kada sai jirgi yana tangaɗi.

HALIN ISKAR DA ZA KA GAMU DA ITA

Iri uku ne. Na farko hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wato Afrilu zuwa Yuni, sai Satumba da Oktoba. Daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, yana cin kamar kilomita 50 a awa ɗaya, gudun da kwalekwale mai kaya ba zai tsere masa ba. Iskar ce ke riga ruwan isowa, kuma ita ce mai kifar da jirgi. Tsananinta ba ya cika wuce rabin awa zuwa awa ɗaya, sai ruwan sama ya biyo baya na wasu awanni. Na biyu marka ta watan Agusta, ruwa ya yini ya kwana, kogi ya cika ya ɗebo itatuwa da ciyawa. Na uku hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris: iska daga arewa maso gabas, da hazon da kan yi kwanaki bai yaye ba. Wannan na uku shi ne ke sa doguwar jira.

Girman igiyar ruwa ya danganta da nisan da iska ta ci a kan buɗaɗɗen ruwa kafin ta iso ka. Tafkin Kainji, wanda aka samu bayan kammala madatsar a 1968, ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu sama da kilomita 130, kuma a wajen tsibirin Foge faɗinsa ya haura kilomita 20. Idan iskar gabas ta taso, gaɓar gabas, ɓangaren Yawuri da Wara, ruwanta a kwance yake. Gaɓar yamma, ɓangaren Shagunu, ita ce igiyar ruwa ke zuwa ta fashe a kanta. A kogi kuma, duk inda iska ta yi karo da gudun ruwa, igiyar kan zama gajeriya mai tsini, ta fi wahalar hawa.

MATAKI NA 1: KA SAN MAFAKARKA KAFIN KA TASHI

Ka raba hanyar gida-gida, kada tsakanin mafaka da mafaka ya wuce tafiyar rabin awa a lokacin damina. Ka tambayi Sarkin Ruwa ko tsofaffin matuƙa na tashar da za ka bari: wane lungu ne ke da ruwa a wannan watan, ina kututture, ina dorina take, wace gaɓa ce ba a kwana saboda rashin tsaro. Tambayar watan tana da muhimmanci, domin ruwan Kainji yana hawa yana sauka da mitoci masu yawa a shekara. Lungun da ka shiga a Janairu kana iya iske shi tabo a Yuli. Ka saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, a rediyo ko a waya, sannan ka gaya wa wani na gida hanyar da za ka bi, ka kuma faɗa masa cewa in iska ta tashi za ka tsaya, kada ya ɗaga hankali saboda jinkirin kwana ɗaya.

MATAKI NA 2: KA YANKE SHAWARA DA WURI

A damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa. Idan ta ɗauke ɗif, zafi ya yi nauyi, gabas ta haɗa baƙi, kana da ɗan lokaci. Idan ka ga gindin hadarin ya yi doro, da jan ƙura ko fari-fari a ƙarƙashinsa, lokacin ya kusa ƙarewa. Idan iska mai sanyi ta bugo ka daga gabas, ya riga ya iso.

Ka ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Daƙiƙa 30 na nufin kilomita 10, wato kamar minti 12 ke nan kafin ya cim maka, kuma tsawa tana iya faɗowa tun daga wannan nisa. Kada ka jira ƙirgan ya kai nan. Da zarar ka ji rugugi kuma gabas ta yi duhu, ka nufi mafaka mafi kusa, ko da baya za ka koma. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara wuta don a ƙarasa tsallakawa. In ba ka kai rabin ruwa ba, juyowa ake yi. In ka wuce rabi, ka nufi gaɓar da ta fi kusa, ba tashar da ka yi niyya ba.

MATAKI NA 3: ZAƁEN WURI

A nan ne aikin yake, kuma a nan sabon matuƙi ya fi yin asarar jirgi. Abin da kake nema wuri ne da tudu ko daji ya shiga tsakaninka da iska: bayan tsibiri, cikin lungu, bakin ƙorama mai lanƙwasa, ko cikin burgu da kachalla, domin ciyawar ruwa tana kashe ƙarfin igiyar ruwa sosai. Ƙasan wurin ya zama laka ko yashi. Ka soka gora ka ji. In dutse ta taɓa, anka ba za ta kama ba, kuma katakon gindin jirgi zai sha duka.

Ka tuna iskar za ta juya. Bayan hadari ya wuce, ta kudu maso yamma tana dawowa, sai gaɓar da ta kare ka ɗazu ta zama ita ake buga jirginka a kai. In kwana za ka yi, ka nemi lungun da ya rufe ta ɓangare biyu.

Wuraren da za ka guje wa:

Ƙarƙashin gaɓa mai tsayi wadda ruwa ya ci gindinta, musamman a bayan lanƙwasar kogi inda ruwa ke gudu. Idan ta jiƙe takan zube gaba ɗaya, har da itacen da ke kanta.

Cikin busasshen rafi ko ƙoramar da ke gangarowa daga tudu. Ruwan da aka yi a can nesa yana iya saukowa cikin dare da ƙarfi, alhali a inda kake ko yayyafi ba a yi ba. Bakin ƙorama daga gefe ya fi cikinta.

Tsibirin yashi marar tudu. Ba ya tare iska, kai ne abu mafi tsayi a kansa idan ana tsawa, kuma ruwa na iya shanye shi kafin asuba.

Hanyar dorina. Za ka gane ta da faffaɗan rami da ya hau gaɓa, da sawu, da kashin da ta watsa a jikin ciyawa. Da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta yarda a tare mata hanyar komawa ruwa.

In akwai tunga kusa, ita ta fi ko'ina. Ka sauka ka yi sallama, ka gaida mai tungar, ka nemi izinin ɗaure jirgi. Su za su nuna maka inda suke ɗaure nasu, kuma ba banza suka zaɓi wurin ba.

MATAKI NA 4: ƊAURE JIRGI

In jirgin ƙarami ne kuma gaɓar yashi ce mai gangara a hankali, a sauke kaya a jawo shi tudu gaba ɗaya, a kan gungumen icce biyu ko uku. Wannan ya fi kowace dabara. Abin da ba a yi shi ne a bar shi rabi a ruwa rabi a tudu, domin igiyar ruwa za ta riƙa ɗaga bayansa tana bugawa har ƙusoshi su saki, ko ta cika shi ta baya.

In ba zai jawu ba, sai a ɗaure shi ta wuri biyu yana kan ruwa. Ka saki anka kafin ka kai gaɓa, kana matsowa a hankali kana sakin igiya. Tsawon igiyar ya ninka zurfin ruwan sau biyar, in iskar mai ƙarfi ce sau bakwai. A ruwa mai zurfin gaba biyu, igiya gaba goma zuwa sha huɗu ke nan. Gajeriyar igiya tana ɗaga anka sama ne, ba ta barinta ta nutse a laka. Ka ja da ƙarfi ka ji ta kama. Sannan ka kai ɗaya igiyar tudu, ka ɗaure a gindin itace mai rai ko a turke. Goshin jirgi ya fuskanci inda igiyar ruwa za ta fito, kuma jikinsa ya yi nesa da gaɓa kamar gaba biyu.

A kafa turke a karkace, kansa yana kallon tudu, a nutsar da kashi biyu cikin uku. In ƙasar ta yi taushi, a kafa na biyu a bayansa a haɗa su da igiya. Wajen ƙulli, ka zagaya igiyar sau biyu sannan ka yi ƙulli biyu a jikinta. Zarge yakan shaƙe idan ya jiƙe ya sha ja, ya ƙi kwancewa a lokacin da kake sauri. Duk inda igiya ta gogi bakin katako ko dutse, ka naɗe ta da tub ko tsumma, domin dare ɗaya na guga ya isa ya tsinka sabuwar nailan. In akwai wasu jirage a gefe, a rataya taya tsakani.

A Kainji da sauran tafkunan madatsa akwai itatuwan da ruwa ya shanye, anka tana maƙalewa a cikinsu. Ka ɗaura siririyar igiya a kan ankar ta wajen ƙugiyoyinta, ɗaya bakin a jikin robar ruwa wofi ta yi yawo a sama. In ta maƙale, da wannan za ka zaro ta ta baya.

Daga nan ka ɗaga ƙafar inji, ka rufe ƙaramin murfin iska na tanki don kada ruwan sama ya shiga fetur. Kayan da suka rage a jirgi a tara su tsakiya a ƙasa, a rufe da tamfol ta yadda ruwan zai zuba waje. Tamfol da aka bari ya yi kwari tafki yake zama, wanda aka ɗaga sama kuma iska ce ke kama shi ta fizgi jirgin. A ƙarshe ka soka kara a daidai bakin ruwa. Shi zai nuna maka ko ruwa na hawa ko yana sauka. Wannan ya fi zama dole a ƙasan madatsun Kainji da Jebba, da Binuwai a lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru.

MATAKI NA 5: LOKACIN DA AKE TSAWA

Kowa ya fita daga jirgi da ruwa. Ɗaki mai rufi ya fi, in akwai. In babu, a nemi wuri mai ɗan kwari cikin gajerun itatuwa, nesa da giginya ko duk wani dogon itace da ke tsaye shi kaɗai. Itacen da ka ɗaure jirgi ba na fakewa ba ne. A kwantar da gora a ƙasa, a rarrabu kaɗan, a tsuguna, kada a kwanta. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba sannan a koma wajen jirgi a kwarfe ruwa.

MATAKI NA 6: IN TA RUTSA DA KAI A TSAKIYA

Kowa ya sa rigar ruwa ya ɗaure ta, ya zauna a ƙasan jirgi, ba a kan kaya ba. Ba mai miƙewa, ba mai komawa gefe ɗaya. A sauke rumfa. Ka rage wuta amma kada ka kashe inji. Ka tari igiyar ruwa da goshin jirgi a ɗan karkace, ka sassauta in za ka hau ta, ka ƙara kaɗan in ka sauka. Kada ka ba ta gefe, kuma ka yi hattara da ba ta baya, domin wajen inji ne bakin jirgi ya fi kusa da ruwa. Mutum biyu su kama kwarfa tun ruwan bai taru ba. Ruwan da ke kai-komo a cikin jirgi shi ke ƙarasa kifar da shi. In jirgi ya yi nauyi, a zubar da kaya tun da sauran dama.

In inji ya mutu, ka ɗaura bokiti mai ƙarfi ko taya ko dunƙulen raga a doguwar igiya ka jefa ta goshi. Zai riƙe kan jirgin yana fuskantar iska. In ya kife, a riƙe jikinsa ko jarkoki, a tattaru wuri ɗaya. Jirgin katako ba ya cika nutsewa gaba ɗaya, kuma masu ceto sun fi hango shi a kan kan mutum. Gaɓa takan yi kamar kusa alhali da nisa.

MATAKI NA 7: ZAMAN JIRA

In jiran ya zarce yini, a raba aiki. Da dare a yi gadi bi da bi, awa biyu-biyu: mai gadi ya haska igiyoyi, ya duba karan nan, ya kwarfe ruwa. In ruwa na sauka a tura jirgi ciki, in yana hawa a rage igiyar tudu. A ƙididdige abinci da ruwa tun ranar farko, kada sai sun ja baya. Idan ruwan sha ya ƙare, a tari na sama da tamfol mai tsabta, ko a tace na kogi da ƙyalle a tafasa shi sosai. In gudawa ta kama wani, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A rage shiga ruwa mai ciyawa a bakin gaɓa saboda tsargiya, a kwana cikin gidan sauro, a kakkaɓe takalmi da tabarma, domin cikar ruwa tana koro macizai tudu.

Ba a girki a cikin jirgi kusa da fetur. Kada kuma a shiga da garwashi ƙarƙashin tamfol a rufe don jin ɗumi, iskar gawayi tana kashe mutum yana barci ba tare da ya ji wari ba. Jiƙaƙƙen kaya a jiki da iska suna sa sanyi ya kama yara da tsofaffi da sauri, don haka busasshen kaya ɗaya na kowa ya kasance a ƙulle cikin leda. Waya a kashe ta, a kunna safe da yamma a nemi sabis a kan tudu a sanar da gida. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, amma kada ka dogara da samun sabis a bakin ruwa.

Fasinja za su yi ƙorafi, musamman mai ɗanyen kaya. Ka gaya musu tun a tasha, kafin su biya, cewa in gari ya ɓaci tsayawa za a yi. Maganar da aka yi a tudu ta fi sauƙin riƙewa a kan wadda za a fara a bakin hadari.

MATAKI NA 8: TASHI

Ɗaukewar ruwan sama ba ita ce alamar tashi ba. A faffaɗan tafki igiyar ruwa takan ci gaba bayan iska ta kwanta, kuma mafakarka za ta ɓoye maka gaskiyar abin da ke waje. Ka hau tudu ka hangi tsakiya. In kana ganin farin kumfa a kan ruwa, ka ƙara jira. Ka sake duban gabas, domin wani hadarin yakan biyo sawun wani. A hunturu iska takan yi sauƙi da asuba ta ƙarfafa da hantsi, saboda haka da sassafe ake tsallaka buɗaɗɗen wuri. In hazo bai bar ka ka ga alamar da za ka nufa ba, ka bi gaɓa ko ka zauna. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, ta hana tafiyar jirage daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, kuma bayan ruwan sama ne dokar ta fi amfani, lokacin da gungume da kainuwa ke yawo ba a ganinsu. Kada ka ce za ka rama lokacin da ka rasa da tafiyar dare.

Kafin a loda kaya, ka kwarfe jirgi tas ka jira minti goma ka ga ko ruwa na shigowa ta wani haɗi. In akwai yoyo, a cusa tsumma, a shafa kwalta, a buga gwangwani. Ka tsiyayi ɗan fetur daga ƙasan tanki cikin kwalba mai haske: in akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, sai a tace man a zubar da na cikin kafireto. Ka buɗe murfin iskar tanki da ka rufe, mantuwa da shi kan kashe inji bayan 'yan mintoci, a daidai lokacin da ka fita daga lungu. Ka cire ciyawar da ta naɗe farfela, ka tayar da inji tun jirgi yana ɗaure, ka tabbata ruwan sanyaya shi yana tsartuwa ta baya. Sai a kwance igiyar tudu, a ja jirgi zuwa kan anka, a ɗago ta daga ƙarshe.